Hitar da Ba Ta Shan Wuta

Sanyin Jos ba irin na sauran garuruwan Arewa ba ne. Garin yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, iska takan sauko daga kan duwatsu ta ratsa suwaita da bargo ta iske ƙashi. Ruwan alwala da asuba sai ka yi shahada kafin ka taɓa shi. A wannan lokaci ne kasuwar masu gwanjon rigunan sanyi da masu gawayi da masu kayan wuta take buɗewa.

Habu yana cikin masu kayan wutar. Shagonsa yana gefen Taminus, inda 'yan kasuwa suka bazu a bakin titi tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar a 2002. Yana sayar da waya da soket da makunni da ƙwayayen fitila da dutsen guga, kuma mutanen unguwarsu sun yarda da shi. Yardar tana da asali. Lokacin da ƙwan fitila na LED ya fara shigowa, mutane suna ƙyamarsa saboda tsada, Habu ne ya riƙa lallashinsu ɗaya bayan ɗaya: ku cire mai wat 60 ɗin nan, ku sa mai wat 9, hasken ɗaya ne. Waɗanda suka ji maganarsa sun ga bambanci a mitarsu. Tun daga nan idan Habu ya ce abu ba ya shan wuta, ba a yi masa musu.

A farkon Disamban 2024 dillalin da ke kawo masa kaya ya zo da wata sabuwar hitar ɗumama ɗaki. Fara ce sol, tana da ɗan allo mai nuna lamba da shuɗiyar fitila, ga rimot. A jikin kwalinta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana rage shan wuta da kashi 70 cikin 100, kuma tana mayar da kashi 99 na lantarkin da ta sha zuwa zafi. Dillalin ya nuna masa bidiyon tallarta a waya, wata mata tana murmushi a falo, dusar ƙanƙara na zuba a waje.

"Alhaji Habu, wannan sabuwar fasaha ce," in ji dillalin. "Yadda LED ya kori tsohon ƙwai, haka wannan za ta kori tsofaffin hitoci. Bana da wuta ta yi tsada, wanda ya riga ajiye ta shi ya ci kasuwa."

Maganar ta shiga Habu, don kuwa wuta ta yi tsada da gaske. A watan Afrilun shekarar hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit na masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauta, amma bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya tambayi kuɗin abu sai ya tambayi shan wutarsa. Habu ya sari guda 40.

Cikin waɗanda suka fara saya akwai Gwaggo Asabe, mai waina a bakin layinsu, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa. 'Yarta Hadiza ta zo wankan gida, haihuwar fari, jaririn ko suna ba a daɗe da yi masa ba. Ɗakin da suke kwana siminti ne tsura, taga ba ta rufuwa da kyau. Gwaggo ta kwance bakin zani ta ƙirga kuɗin da ta tara daga kaskon waina, amma ba ta miƙa ba sai da ta kalle shi.

"Habu, ka tabbata ba ta shan wuta? Ka san layinmu yanzu kati ba ya jimawa."

"Gwaggo, ga shi a rubuce a kwali. Ki kunna ta har safe, kamar kin kunna fitila ne."

Bai yi nufin cutar ta ba. Abin da ya faɗa ya ɗauka gaskiya ne. Sai dai wannan ba ya wanke shi, domin kalmar "tabbata" da Gwaggo ta yi amfani da ita tana nufin ka gwada ka gani, shi kuwa kwali kawai ya karanta.

Gwaggo ta aiki ɗanta Sale ya sayo wutar naira 5,000, aka loda yunit ashirin da 'yan kai, abin da a da yakan kai ta mako biyu. Daren farko ɗaki ya yi ɗumi, jariri ya yi barci, Hadiza ta sa wa Habu albarka. Ba wanda ya duba mita. A dare na biyu, wajen ƙarfe uku, hitar ta yi tsit. Gwaggo ta leƙa ta ga fitilun maƙwabta a kunne, ta gane ba ɗauke wuta aka yi ba, katinsu ne ya ƙare. Kafin rabin awa sanyi ya dawo ya cika ɗakin, jariri ya fara kuka. Sai ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi: ta fita tsakar gida ta hura gawayi a kurfoti, ta shigo da shi, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a kafar taga don kada ɗumin ya fita.

Allah ya sa Sale ba ya makara sallar asuba. Da ya zo wucewa ya ƙwanƙwasa don ya tashe su, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Da ya banke ƙofar ya tarar da Hadiza ta yi amai tana numfashi sama-sama, Gwaggo ta kasa ɗaga kai, jaririn ya yi laushi. Maƙwabta suka fito da su waje, aka samu mai Keke Napep ya kai su asibiti. An sa musu iskar oksijin, kuma dukansu ukun sun tashi. Likita ya yi wa Sale bayani cewa gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, daga barcin kuma wasu ba sa farkawa. Ya ce da an ƙara awa guda, da wani labarin ake yi.

Da labari ya iske Habu a shago, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To ai mitarsu ce ke gudu." Haka ɗan Adam yake, laifi tudu ne. Ya yini yana maimaita wa kansa wannan magana, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Bayan la'asar ya ɗauki hita ɗaya cikin kwalinta ya hau mota zuwa Bukuru, wurin Baba Idi.

Baba Idi shi ya koya wa Habu ɗaura waya yana yaro. Tsohon ma'aikacin lantarki ne tun zamanin kamfanonin haƙar kuza, lokacin da wutar da ake samarwa da ruwan Kurra take juya injunan ma'adinai. Ido ya fara rauni, amma kai yana nan daram. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Miƙo ta nan." Bai kalli kwalin ba ko sau ɗaya. Ya juya hitar ya kifa ta, ya kawo ƙasanta kusa da fuskarsa, ya ce, "Karanta mini 'yar takardar nan da aka manna."

"An sa 1,500W, Baba."

"To me kuma ka zo tambaya?"

Habu ya fara kawo zancen sabuwar fasaha da kashi 70. Baba Idi ya ɗaga masa hannu. Ya sa jikansa ya kashe komai na gidan, har firiji da cajar waya. Suka je gaban mita suka rubuta yunit ɗin da ya rage a bayan kwalin ashana. Aka jona sabuwar hitar a ɗakin zaure, aka ƙure ta, aka duba agogo. Suka yi magariba suka dawo. Da awa ta cika suka sake karanta mita: kusan yunit ɗaya da rabi ya tafi. Sai tsohon ya sa aka zaro wata tsohuwar hita daga ƙarƙashin gado, mai jan ƙarfe, duk ta yi tsatsa, ita ma mai wat 1,500. Aka ba ta awa guda. Abin da ta sha shi ne abin da sabuwar ta sha, kuma ɗumin zauren bai bambanta ba.

Habu ya yi lissafi a ransa. Yunit ɗaya da rabi a awa, awa takwas, yunit 12 ke nan a dare guda, kusan naira 2,500. Katin Gwaggo ba zai taɓa kai dare biyu ba. Mitarta lafiyarta ƙalau.

"Amma Baba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ai LED gaskiya ne. Ni da kaina na gani."

"Gaskiya ne, kuma shi ya ruɗe ka. Zauna ka ji." Baba Idi ya gyara mayafinsa. "Ka tuna tsohon ƙwan nan, idan ya jima a kunne ba ka iya taɓa shi? Don me? Don kusan kashi 90 na wutar da yake sha zafi take zama, ɗan abin da ya rage ne haske. Kai haske kake so, yana ba ka zafi. Akwai ɓarna ke nan, kuma inda akwai ɓarna akwai abin da mai fasaha zai gyara. Masu LED suka toshe ɓarnar, shi ya sa wat 9 ya yi aikin 60. To hita fa? Me kake so daga gare ta?"

"Zafi."

"Zafi. Kuma duk wutar da ta shiga cikinta zafi take zama, ba ta da wata hanyar fita. Har 'yar fankar da ke ciki da shuɗiyar fitilar nan, ƙarshensu zafi ne a cikin ɗakin. Ina ɓarnar da za a toshe? Babu. Wannan mai tsatsar, da aka ƙera kafin a haife ka, ita ma duk abin da ta sha take bayarwa. Da suka rubuta maka kashi 99, ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su gaya maka cewa kowace hita haka take ba. Kashi 70 ɗin kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Mudun gero ɗaya, ko a wane inji ka kai niƙa, garin mudu ɗaya za ka kwaso."

Ya ce wannan ba sabon sani ba ne. Wani Bature mai suna Joule, a Ingila, ya auna zafin da waya ke fitarwa idan lantarki ya bi ta cikinta tun a 1840, kuma har yau lissafin nan ake koya wa yara a sakandare. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Babu kamfanin da ya isa ya sa yunit ɗaya ya haifi zafin yunit uku ta hanyar gasa waya, ko an naɗe wayar da tangaran, ko an tsoma ta a mai, ko an saka ta cikin gilashi.

Habu ya tuna da wasu 'yan ƙanana da dillalin ya ce zai kawo, masu girman tafin hannu, da ake makalawa a soket kai tsaye. Ya ce waɗannan kam an ce wat 400 kawai suke sha.

"Suna sha kaɗan, suna bayarwa kaɗan. Za ta gasa maka tafin hannu, ɗaki kuwa yana nan yadda yake. Abin da ta rage maka a mita, a jikinka za ka biya shi."

Tsohon bai ce duk hitoci ɗaya suke ta kowace fuska ba, kuma a nan ya daɗe yana bayani, don ya ce mai sayarwa ya kamata ya san kayansa. Mai jan ƙarfe ko mai fitila tana jefa zafi kai tsaye kan wanda ke gabanta, saboda haka mai gadi ko tela da ke zaune wuri guda zai ji ɗumi nan take ba sai an ɗumama ɗakin duka ba. Mai fanka tana saurin zagaya ɗaki da iska mai ɗumi. Mai mai a ciki tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa. Masu talla kan ce tana ba da ɗumi kyauta bayan an kashe ta, alhali ɗumin da ta riƙe da farko ne take biya. Wadda ke da na'urar da ke kashe ta da kanta idan ɗaki ya yi ɗumi tana rage kuɗi da gaske, amma ta hanyar hutawa take ragewa. Duk minti ɗin da take aiki, cikakken wat ɗinta take sha.

Akwai na'ura ɗaya, in ji shi, da take ba da zafi fiye da wutar da ta sha: irin na'urar sanyaya ɗakin nan da ake iya juya aikinta. Ita ba gasa waya take yi ba, ɗumin da ke cikin iskar waje take kwasowa ta turo ciki, shi ya sa yunit ɗaya kan kawo zafin kusan yunit uku. Amma tana da rabi a cikin ɗaki da rabi a waje, da bututu a tsakani, da kuɗin da mai waina ba ta da shi. "Duk abin da ka ɗauka da hannu ɗaya ka jona a soket, ba shi da komai a bayan bango, to waya yake gasawa, ko me aka rubuta a kwalinsa."

Da Habu ya miƙe zai tafi, Baba Idi ya riƙe hannunsa. "Guda nawa ka sayar?"

"Goma sha bakwai."

"To kana da gidaje goma sha bakwai da za ka shiga."

Ya fara da gidan Gwaggo. Ya durƙusa a tsakar gida ya faɗi abin da mita ta nuna, bai rage komai ba, ya ajiye kuɗinta da na asibiti a gabanta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Garwashin ni na shigar da shi da hannuna, wannan nawa ne, kuma na tuba. Amma da ka ce mini tana sha, da na kunna ta awa biyu na kashe, na lulluɓe su da bargo. Ba kwali na tambaya ba, Habu. Kai na tambaya." Ta karɓi kuɗin asibitin, ta tura masa na hitar, ta ce a bar mata ita tunda yanzu ta san halinta.

Washegari ya dawo da kafinta. Aka gyara tagar, aka toshe kafar ƙarƙashin ƙofa, aka shimfiɗa tsohuwar darduma a kan simintin, aka rataya labule mai kauri. Ya cire siririyar wayar ƙari da Sale ya jona hitar da ita, wadda har ta fara laushi don zafi, ya ce a riƙa sa ta a soket na bango kai tsaye. Ya nuna musu inda za a ajiye ta, taku guda cikakke daga katifa da gidan sauro, ya kuma roƙi Hadiza kada ta taɓa shanya kayan jariri a kanta. Da ɗakin ya daina zubar da ɗuminsa, awa ɗaya kafin barci da awa ɗaya kafin asuba suka wadatar, yunit uku a dare maimakon 12. Ragin da kwali ya yi alkawari ya samu, har ya ɗan wuce, amma kafinta da darduma da agogo ne suka kawo shi.

Sauran gidajen ba duka suka yi daɗi ba. Wasu sun gode, wasu sun karɓi kuɗinsu suna faɗa, wani ya ce shi dama ya lura katinsa na ƙarewa amma ya ɗora wa matarsa laifin dutsen guga. Mutum shida suka dawo da kaya.

Dillalin kuwa ya ƙi karɓar ko ɗaya. "Kai ne ka ƙera ta? Abin da kamfani ya rubuta shi za ka faɗa. In ƙarya ce, su ta shafa."

"Wanda ya saya a hannuna bai san kamfani ba," in ji Habu. "Ni ya sani."

Ya ɗauki alƙalami mai kauri ya soke kashi 70 ɗin a kan kowane kwali. Ya samu farin takarda ya rubuta, ya manna a ƙofar shago: wannan hita wat 1,500 ce, tana shan yunit ɗaya da rabi a kowace awa, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Ya sauke kuɗinta zuwa na hita gama-gari, wato ƙasa da yadda ya saro. Hunturun nan bai ci riba ba, har uwar kuɗi ta taɓu. Kuma kada a ɗauka kasuwa ta saka masa nan take. Mutane da dama sun karanta takardar, suka wuce shagon gaba inda ake ce musu ba ta shan wuta, suka saya a can da tsada. Mai jin sanyi da ƙaramin aljihu yana son ya ji cewa akwai hanya mai sauƙi, kuma masu rubutu a kwali sun san haka sarai.

Dillalin ya ci gaba da sauke kayansa a wasu shagunan, kuma irin wannan hita tana nan tana yawo a kasuwanni da tallace-tallacen waya, yau da wannan suna, gobe da wancan. Idan ta zo hannunka, ɗan'uwa, kifa ta ka nemi lambar da ke da W a gefenta. Raba lambar da 1,000, ka ninka da awannin da za ka kunna ta, ka ninka da kuɗin yunit na layinku. Abin da ya fito shi za ka biya kowane dare. Idan kuma kati ya ƙare maka da tsakar dare, ka ƙara bargo da safa, ka haɗa yara a shimfiɗa ɗaya, ka bar kurfoti a tsakar gida.